Tsuntsayen Gaya da tsuntsun ƙasar ƙanƙara



Wanda bai taɓa zuwa Gaya ba, ga kwatance. Garin yana can ƙurewar kudancin ƙasarmu, cikin jihar Doso. Daga Doso kilomita 150 ne, daga Yamai kusan 300. In ka tsaya bakin gulbi ka dubi ƙetare, garin da kake hange Malanbil ne, ƙasar Benin. In ka bi hanyar gabas, ba ka jimawa za ka iske Kamba, ƙasar Najeriya. Gada ta farko da ta haɗa mu da Malanbil an gina ta a 1958. Dendawa, Zabarmawa, Cangawa, Hausawa da Fulani duk suna zaune nan, kasuwa ɗaya suke ci. A duk faɗin Nijar babu inda ya kai yankinmu samun ruwan sama. Damina mai kyau takan ba mu milimita 800. Shi ya sa muke da fadama, da giginya, da manyan itatuwa. Inda ruwa da icce suke kuwa, tsuntsu ba ya rasa gida.

Abin da ya sa na ɗauko zancen tsuntsaye, wani silima ne da aka nuna a cibiyarmu ta yaƙi da jahilci. Wani Bafaranshe mai suna Luc Jacquet ya yi shi, ya fito a 2005. Sunansa da Faransanci La Marche de l'empereur, watau tafiyar sarki. Labarin wani tsuntsu ne da ake ce wa fengwin.

Ƙasar wannan tsuntsu sunanta Antatika. Tana can ƙarshen duniya wajen kudu. Ba gona, ba icce. Duk inda ka duba ƙanƙara ce fara fat. Lokacin da muke bazara da damina, su can suna cikin sanyinsu mafi tsanani. Ma'aunin sanyi yakan sauka har 40 ƙasa da sifiri. Mu nan in ya sauka 15 cikin hunturu, sai ka ga dattijo ya rungume wuta ya ƙi fita. Kuma a tsakiyar sanyin nan rana ba ta kirki, kusan kullum duhu ne.

Fengwin babba tsayinsa ya wuce mita 1, kamar yaro ɗan shekara shida. Bayansa baƙi, cikinsa fari. Ba ya tashi sama. Cikin teku yake iyo ya kama kifi, a tudu kuwa tsaye yake tafiya kamar mutum mai ciwon ƙafa. Watan Maris ko Afirilu sai su fito daga teku, su jeru, su yi tafiyar kilomita 50, wani lokaci har fiye da 100, zuwa inda ƙanƙara take da ƙarfi. Can kowane namiji yake samun macensa.

Wajen watan Mayu ko Yuni macen takan yi ƙwai guda ɗaya tak. Nauyinsa ya kusa rabin kilo. Babu abin yin sheƙa, ko tsinke babu. Sai ta mirgino ƙwan a hankali daga bisa ƙafafunta zuwa bisa ƙafafun namijin. In suka yi kuskure ya faɗi bisa ƙanƙara ya ɗan jima, shi ke nan, sanyi ya kashe shi, sai baɗi. In an dace, namijin ya rufe shi da fatar cikinsa. Ita kuwa ta juya ta koma teku neman abinci, don yin ƙwan ya cinye mata ƙarfi.

Daga nan aikin namiji ya soma. Kwana 65 yana tsaye da ƙwai bisa ƙafa. Ba ya cin kome, sai ɗan ƙanƙara da yake tsattsaga don ƙishirwa. In aka haɗa da kwanakin da ya yi tun barinsa teku, azuminsa ya kusa wata huɗu. Yakan zo da nauyin kilo 35 zuwa 40, ya koma da ashirin da ƴan kai. In iska ta taso sai mazan su dunƙule wuri ɗaya, dubbai, kowa ya manne da ɗan uwansa. Na waje yana kutsawa ciki, na ciki yana fitowa waje, kowa ya sami rabonsa na ɗumi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wajen watan Yuli ko Agusta ƙwan ya ƙyanƙyashe. In uwar ba ta iso ba, uban yana da wani farin abu kamar nono da yake fitowa daga maƙogwaronsa, ya ba ɗan. Amma wannan ba ya wuce ƴan kwanaki. In ta iso, cikin dubban tsuntsaye da murya take gane nata. Ta karɓi ɗan, ta amayo masa kifi. Shi kuma ya kama hanyar teku da yunwarsa. Haka za su yi ta karɓa-karɓa har watan Disamba, lokacin da ɗan zai iya shiga ruwa da kansa.

Da aka gama kallo mutane suna ta salati. Ni kuwa na ce musu irin wannan akwai shi nan Gaya, har cikin gidajenmu. Duk mai kiwon tattabaru ya sani. Macen takan kwanta bisa ƙwai da dare, namijin ya karɓe ta da hantsi har la'asar. Kwana 18 suke yi haka. In ɗiyan sun fito, uwa da uba duka suna ba su farin abin nan daga maƙogwaro, tamkar na fengwin. Mun saba gani ne, shi ya sa ba mu mamaki.

Sai shamuwa. Wannan kowa ya san ta, ita ce mai shelar damina. Wajen watan Mayu take isowa, ta yi sheƙa bisa manyan itatuwan gari, tsamiya ko kuka ko gawo, kusa da mutane don ta san ba a taɓa ta. Ƙwai biyu ko uku take yi. Mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci wajen kwana 30. Bayan nan kusan wata biyu suna ɗauko wa ɗiyan abinci. Abincin kuwa mene ne? Fara da tsutsa, watau abokan gabar gero da wake. Gida ɗaya na shamuwa ma'aikata ne da ba ka biya ko dala ba. In kaka ta yi sai su tashi su nufi gabashi da kudancin Afirka, wajen Tanzaniya, Zambiya da Zimbabuwe, inda damina take somawa lokacin da tamu ta ƙare.

Wanda yake son ganin tsuntsayen ruwa da yawa ya tafi Albarkaize, wani gari bakin gulbi cikin gundumar Tanda, arewa maso yamma da Gaya. In ruwa ya cika, gulbi yakan malala cikin fadama, burgu ya tsiro kore shar. A 2001 aka sa wannan yanki na gulbi cikin jerin wuraren dausayi na duniya da ake kiyayewa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Da sassafe in kana cikin jirgi, kukan kirinjijiya ba ya barin ka ji maganar mai tuƙi. Ga ɗinya, ga balbela, ga zalɓe tsaye kamar mai jiran bashi. Kirinjijiya ma mace da namiji ne suke kwanci, kuma tare suke jan ɗiyansu cikin ruwa.

Can za ka ga taka-a-bado, mai dogayen yatsu, tana tafiya bisa ganyen bado ba ta nutsewa. Ita nata sha'anin dabam ne. Macen ta fi namijin girma. Takan yi ƙwai huɗu ta bar wa namiji, ta tafi wajen wani namijin ta yi masa nasa. Shi ne zai kwanta, shi ne zai yi reno. In ya ga shaho sai ya kwashe ɗiyan cikin fukafukansa ya gudu da su, ƙafafunsu suna reto. Da na ba da wannan labari a aji, mata sun yi shewa, maza sun ce a wuce gaba.

Masunta ma suna da nasu sani. Bargi yakan yi gida cikin ciyawa inda ruwa ba zurfi, zagayayye, faɗinsa wajen mita 1. Uwa da uba suke gadin ƙwai da ƙananan. Sarkawa na da sun san wannan. Wanda ya kama manyan bisa gida ya sami miyar yau, amma ya bar dubban ƙanana ga bakin tarwaɗa.

Wanda ya fi kama da fengwin a wurina wani ɗan tsuntsu ne na bakin gulbi, girmansa bai kai kurciya ba. Bayansa toka-toka, kansa baƙi da farin zane bisa ido, cikinsa ja-ja kamar ƙasar tukwane, da baƙin layi a ƙirji. Turawa suna ce masa tsuntsun kada, wai yana shiga bakin kada yana yi masa sakace, ko da yake ba a taɓa tabbatar da haka ba. In gulbi ya janye da bazara, tsibiran yashi suka fito, nan yake ƙwai biyu ko uku, ya binne su cikin yashi. Fengwin da sanyi yake fama, shi kuwa da zafi. Kun san yashin gulbi da tsakar rana cikin Afirilu, ba mai taka shi ba takalmi. In aka bar ƙwan haka zai dahu. Sai ɗayan ya ruga bakin ruwa, ya jiƙa gashin cikinsa, ya dawo ya zauna bisa yashin ya jiƙa shi. Kafin ya bushe ɗayan ya taho da nasa ruwan. Haka suke yini, mace da namiji, har rana ta yi sanyi, kusan kwana 30. In ɗiyan sun fito ma, da sun ga haɗari sai su watsa musu yashi su rufe su.

Ƴan uwa makiyaya, wannan naku ne. Lokacin nan ne kuke saukowa da shanu bakin gulbi. Ƙwan ba a ganinsa, yana ƙarƙashin yashi. In kun ga tsuntsayen nan biyu suna kai da komo tsakanin ruwa da wuri ɗaya, gidansu yana nan. Ku ɗan kauce da garke taki ashirin. Gulbi yana da faɗi, shanu ba su rasa mashaya.

Daga Gaya in ka bi gabas wajen Bengu da Bana ka shiga Dallol Mauri, ƙasar giginya. Daga nan ake samun azara da muruci da ake kai wa har Yamai. Ka ɗaga kai ka dubi ganyen giginya da ya rataya. Akwai wata ƴar tsattsewa siririya da ke shawagi kewaye da shi. Ita da yawunta take manna ƴar sheƙarta a jikin ganyen, kuma da yawun take manna ƙwanta guda biyu don kada iska ta kaɗo su. Babu wurin kwanciya. Maƙalewa suke yi a tsaye, mace ta yi nata ta tashi, namiji ya maƙale. Iska tana kaɗa ganye, su suna nan.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi cilakowa ce. Da damina takan nemi kogon tsohon icce. Macen ta shiga, a toshe bakin kogon da laka da kashinsu, a bar ƴar tsaga wadda baki kaɗai ke iya shiga. Tana ciki ta yi ƙwai uku zuwa biyar. Tana ciki kuma gashin fukafukanta da na wutsiya ya zube, ba ta iya tashi ko an buɗe mata. Duk abin da za ta ci namijin ne yake kawowa, fara, tsutsa, ƴaƴan icce, yana miƙa mata ta tsagar nan tun safe har magariba. Ƙwan yakan yi wajen kwana 24. In babban ɗan ya kai mako uku, gashinta ya tsiro, sai ta fasa ta fito. Ɗiyan da kansu suke sake toshe ƙofar. Daga nan uwa da uba su haɗu suna ɗauko abinci.

To, ku duba. Yaro ya ɗauki danƙo da damina, ya harbe cilakowa namiji, ya gasa. Naman bai cika baki biyu ba. Amma can cikin kogo akwai uwa da ba ta da fiffike, da ɗiya huɗu, suna jiran wanda ba zai dawo ba. Harbi ɗaya ya kashe gida guda. Iyaye, a gaya wa yara. Kuma mai sarar tsohon icce don gawayi ya fara duba jikinsa. Ƙaramin icce ba ya da kogo, sai wanda ya shekara da yawa. Fengwin ma irin wannan ta same shi a 2022. A wani yanki na Antatika ƙanƙarar da suke reno bisanta ta narke kafin lokaci. Cikin garke biyar da masana suke lura da su, huɗu sun rasa ɗiyansu na shekarar, don gashin shiga ruwa bai riga ya fito musu ba. Uwa da uba sun yi nasu, wurin tsayawa ne ya gudu.

Ba duka tsuntsaye ne haka ba. Zakara yana nan, shi cara kaɗai ya iya. Kuma ko fengwin ɗin, yawancinsu in shekara ta kewayo sabuwar mace suke nema. Ba na cewa tsuntsu ya fi mutum hankali. Halittarsa ce haka. Inda wuri yake da wuya, ɗaya ba ya iya reno shi kaɗai, dole biyu su kama.

Wani dattijo cikin masu karatu ya ce mini: “Malam, ai tsuntsu ba ya biyan lanho, ba ya sayen taki.” Na ce: “Gaskiyarka, Baba.” Don haka ne in an gama girbi samari da magidanta suke tafiya biɗa, wasu Malanbil da Paraku, wasu Kotonu, wasu Legas. Ko da aka rufe gada a 2023, mutane sun koma ƙetarawa da jirgi. Ba laifi ba ne. Uwar fengwin ma tafiya take yi wata biyu, kuma ba don ita ta tafi ba, ɗan ba shi da abin ci. Abin lura shi ne lokacin dawowarta. In ta makara da kwana goma, ɗan ya mutu, wahalar uban ta tafi banza. Mu ma muna da namu lokaci, shi ne ruwan shuka. Mun san gidajen da shamuwa take riga maigida isowa. Matar ce za ta yi shuka, ta yi noma da goyo, ta ɗebo ruwa, ta yi daka, rumbu kuma ya kusa ƙarewa. In maigidan ya aiko da kuɗi da sauƙi. Wani ko saƙo babu.

Wanda yake gida ma akwai abin da zai kama. A cibiyarmu mata sun fi maza naci ga karatu, amma su ne suka fi fashi. In ka tambaya, yaro ne ba lafiya, ko ba wanda za a bar wa ƙanana. Alhali maigidan yana gindin icce yana dara. Awa biyu ce kawai. In ya riƙe yaran awa biyu, matarsa ta koyi karanta takardar likita da lissafin kuɗin shinkafarta, amfanin gidan wa zai shiga? Tsakanin 2007 da 2008 aka soma abin da ake kira makarantar mazaje a jihar Damagaram, inda magidanta suke zama su tattauna awon ciki, haihuwa a likita da lafiyar yara. Daga baya ta bazu zuwa wasu jihohi. Nan Gaya sauro yana da yawa saboda ruwa. Da damina akan raba wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi, wata-wata. Maganin na kwana uku ne a jere. In uwa tana gona ko tana jego, uba ya tsaya ya ga yaro ya sha na rana ta biyu da ta uku. Ba wanda rawaninsa ya taɓa faɗuwa don wannan.

Saura gauraka, mai tukku kamar zinariya. Tsofaffi suna cewa a da garke-garke ake ganinsa cikin fadamun gulbi. Yanzu sai ka yi damina ba ka ji kukansa ba. Shi ma da damina yake sheƙa, bisa ciyawa a tsakiyar ruwa, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwana 30. Abin da ya rage shi, fadamun da aka mai da gonaki, da masu kama ƙananan su sayar wa masu kuɗi don ado a tsakar gida. A Najeriya maƙwabciyarmu ya kusa ƙarewa a daji. Jimina ma haka ta yi mana. Ita namijin ne yake kwanci da dare, macen da rana. Yau mai son ganin irin tamu ta Sahel sai ya tafi wurin kiwonta a Kelle, can wajen Gure.

Ƙasarmu ta yi dokar farauta da kiyaye namun daji, mai lamba 98-07, ranar 29 ga Afirilu 1998. Wanda ya ga ana kama ɗiyan gauraka ko ana kwasar ƙwai, ya sanar da maigari ko ma'aikatan gandun daji. Kuma ga aiki ga masu karatu na Tanda, Tara, Bengu, Bana, Tunuga da Dole. Damina mai zuwa kowace cibiya ta ƙirga sheƙar shamuwa nawa ce a garinsu, da irin iccen da take bisa. Wanda ya ga gauraka ya rubuta ranar da wurin. Ku rubuta da hannunku, ku ba malaminku ya aiko wa jarida.